Gwajin yawu zai iya maye gurbin awon dasashi da ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da ciwon suga, kuma dasashina yana jini idan na goge baki. Likitan haƙori ya auna ni da wani siririn ƙarfe, ya ce akwai wuraren da zurfinsu ya kai milimita 5 da 6. Ya yi mini wankin haƙora, ya ce in riƙa dawowa ana sake awo. Awon nan akwai zafi. Sai na ji an ce yanzu da yawu kawai ana gane ciwon dasashi, har a san ko magani yana aiki. Gaskiya ne? In kuwa haka ne, me ya hana a ajiye ƙarfen nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Gwajin yana nan, ba ji-ta-ji-ta ba ce, har ana sayar da shi ga asibitocin haƙori a wasu ƙasashe. Sai dai ba zai raba ka da ƙarfen ba, domin tambayar da yawu yake amsawa daban take da wadda ƙarfen yake amsawa, kuma mai irin matsalarka yana buƙatar amsar ƙarfen fiye da ta yawun.

Ciwon dasashi hawa biyu ne. A hawa na farko, dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, wadda cike take da ƙwayoyin cuta, takan sa dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. Wannan yana warkewa sarai idan aka tsaftace wurin. A hawa na biyu kumburin ya gangara ƙasa, ya fara cin zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, sannan ya ci ƙashin kansa. Dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, ramin ya zama maɓoyar da buroshi ba ya kaiwa. Abin da aka rasa a wannan hawa da wuya ya dawo. Milimita 5 da 6 da aka faɗa maka sun nuna cewa, bisa ga dukkan alamu, kana hawa na biyu. Kuma ba kai kaɗai ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya, suna da nau'in ciwon mai tsanani.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan ɓarnar ba ƙwayoyin cutar ne ke yin ta da kansu ba. Jiki ne. Garkuwar jiki ta tura fararen ƙwayoyin jini su yi yaƙi a gindin haƙori, su kuwa suna sakin sinadarai masu narkar da nama don su buɗe wa kansu hanya. Idan yaƙin ya ƙi ƙarewa, wata da watanni, waɗannan sinadarai sai su cinye abin da suka zo karewa. Duk maganar gwajin yawu a kan wannan ta ginu: a kama sinadaran nan suna tsakiyar aiki.

Shi ƙarfen da kake kuka da shi, bakinsa ba kaifi gare shi ba, kuma an zana masa layuka na milimita. Likita yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi har ya ji ya tsaya, ya karanta layin da ya yi daidai da bakin dasashi, ya faɗa wa mai taimaka masa ya rubuta. Wuri shida ake aunawa a kowane haƙori, uku ta waje, uku ta ciki. Mai haƙora 28 ke nan wurare 168. Lafiyayyen dasashi ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Bayan an zare ƙarfen ana ɗan dakatawa a ga ko jini zai tsatso, shi ma a rubuta. Sai kuma hoton ƙashi, wanda ke nuna inda ƙashin ya tsaya a jikin saiwa.

Wannan awo yana da rauni, kuma mu masu yin sa mun fi kowa sani. Zurfin da ƙarfe ya nuna yau tarihi ne, ɓarnar da aka riga aka yi ce, wataƙila bara, wataƙila shekara goma da suka wuce. Hoton ma sai ƙashi ya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na sinadarin da ke ƙarfafa shi, ko fiye, kafin ragin ya fito fili. Ga kuma bambancin hannu: likita biyu za su auna wuri ɗaya su samu saɓanin milimita guda, saboda ƙarfin dannawa da yadda aka karkata ƙarfen. Jinin da ke fitowa kuwa shaida ce mai harshen damo. Binciken Niklaus Lang da abokan aikinsa a Bern ta ƙasar Suwizalan ya nuna cewa wurin da ba ya jini a awo bayan awo, kusan kashi 98 cikin ɗari yana zaune lafiya. Amma wurin da ya yi jini sau huɗu a jere, kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai aka ga ya ci gaba da lalacewa. Wato rashin jini yana kwantar da hankali, samuwarsa kuwa ba ta faɗa mana wane wuri ne zai rushe. Tun shekarun 1980 masu bincike a Boston suka nuna cewa ciwon ba ya tafiya da sauri ɗaya: yakan lafa na tsawon lokaci, sai ya taso a wani wuri ya yi ɓarna, ya sake kwantawa. Ƙarfe da hoto suna nuna mana toka ne bayan gobara. Yawu kuma hayaƙi yake nunawa: ya ce wuta tana ci yanzu a gidan, amma bai ce a wane ɗaki ba.

Yawun kansa kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ne, kuma baki yana samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Amma alamomin da muke nema galibi ba daga matsarmamar yawu suke fitowa ba. Akwai wani ɗan ruwa da ke tsattsafowa daga ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. A lafiyayyen baki kaɗan ne ƙwarai, idan kumburi ya zo sai ya ƙaru, ya kwaso fararen ƙwayoyin jini da sinadaransu da ɓurɓushin naman da ya narke da ƙwayoyin cuta, ya zubo su cikin yawu. Don haka mai gwada yawu, a zahiri, yana karanta tarin abin da dukkan ramukan baki suka zubar ne, bayan an sirka shi da ruwa mai yawa.

Alamar da aka fi yi wa aiki ita ce MMP-8. Sinadari ne da fararen ƙwayoyin jini masu suna niyutrofil suke saki, aikinsa yanka kolajin, wato furotin ɗin da aka saƙa zaruruwan da ke riƙe da haƙori da shi. Yana fitowa ne a kulle, sai an kunna shi yake yanka. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin gwajin da ya auna jimillarsa, kulle da kunne, ba ya rarrabe mai ciwo da lafiyayye kamar gwajin da ya auna kunnannen kaɗai, wanda ake rubutawa aMMP-8. Farfesa Timo Sorsa na Jami'ar Helsinki a Finlan shi ne ya fi shahara a wannan fage, kuma daga aikin ƙungiyarsa aka samar da gwajin da ake sayarwa da sunan PerioSafe.

Ga yadda ake yin sa. Mutum zai kurkure baki da ruwa na daƙiƙa 30 ya zubar, don a kore tsohon yawu da saura-sauran abinci. Ya jira minti ɗaya, lokacin da sabon ruwan dasashi zai tsattsafo. Sai a ba shi mililita 5 na ruwan gwaji ya kurkura na wata daƙiƙa 30, ya tofa a ɗan kofi. A zuƙe da sirinji, a ɗaura matata a bakinsa, a ɗiga 'yan ɗigo a kan tsinken gwaji. Fasahar iri ɗaya ce da ta tsinken gwajin ciki: bayan kamar minti biyar, layi ɗaya yana nufin sinadarin bai kai iyaka ba, layi biyu ya kai. Iyakar da aka fi amfani da ita nanogiram 20 ce a kowace mililita, kuma akwai 'yar na'ura da ke karanta tsinken ta ba da lamba maimakon layi. Ka lura ba tsurar yawu aka ɗauka ba, ruwan kurkura ne. An yi haka da gangan, don a kusanci ruwan dasashi a rage sirkin.

Akwai sauran alamomi. IL-1 beta da IL-6 saƙonni ne da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna don ruruta kumburi. MMP-9 ɗan'uwan MMP-8 ne. RANKL yana umartar ƙwayoyin da ke cin ƙashi su fara aiki, OPG kuma yana hana shi, don haka rinjayen ɗaya a kan ɗaya yana nuna inda ƙashi ya dosa. Har jinin da ido ba ya gani a cikin yawu ana aunawa. Mafi yawan waɗannan sai an kai ɗakin gwaje-gwaje, a daskarar da samfurin, a jira sakamako.

Sai ɓangaren ƙwayoyin cutar. A 1998 Sigmund Socransky da abokansa a cibiyar binciken haƙori ta Forsyth da ke Boston suka kasa ƙwayoyin cutar baki rukuni-rukuni, suka ware guda uku da suka fi yawa a ramuka masu zurfi: Porphyromonas gingivalis, Tannerella forsythia da Treponema denticola. Ana iya gano ƙwayar halittarsu a yawu. Matsalar ita ce ana samun su a bakin mutanen da dasashinsu lafiya lau, don haka ganinsu kaɗai ba hujja ba ce. Inda gwajin ƙwayar cuta ya nuna ƙarfi na gaske shi ne wani nau'in Aggregatibacter actinomycetemcomitans da ake kira JP2, wanda ke fitar da guba mai kashe fararen ƙwayoyin jini ninkin-ba-ninkin fiye da 'yan'uwansa, kuma an fi samunsa a tsakanin mutanen da asalinsu Arewaci da Yammacin Afirka ne. Wani bincike da aka bi sawun matasa a Maroko, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa masu ɗauke da shi sun fi sauran haɗarin rasa ƙashin haƙori tun suna ƙuruciya nesa ba kusa ba. Masu bincike a Jami'ar Michigan kuma sun nuna a 2009 cewa idan aka haɗa alamomin jiki irin su MMP-8 da MMP-9 da OPG da ƙididdigar waɗancan ƙwayoyin cuta, ana dacewa fiye da idan an dogara da alama guda. Ni ma nan na fi sa rai, amma haɗin nan har yanzu aikin ɗakin bincike ne.

To, yaya dacewar gwajin take? A 2020 wasu masu bincike a Sifen suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan alamomin yawu guda-guda. Fitattun cikinsu, MMP-8 da MMP-9 da IL-1 beta da IL-6 da jinin ɓoye, dacewarsu tana tsakanin kashi 70 zuwa kusan 82 cikin ɗari, wajen gano mai ciwo da kuma wajen wanke marar ciwo. A kunne adadin ba laifi, sai ka zauna ka yi lissafi. Mu ɗauka gwaji yana dacewa kashi 70 ta kowane ɓangare, aka gwada mutum 1,000, 200 daga cikinsu suna da ciwon. Gwajin zai kama 140, ya sallami 60 ya ce lafiyarsu ƙalau alhali ƙashinsu yana zaizayewa. Cikin lafiyayyu 800 kuma zai tayar wa 240 hankali a banza. Ka ga mutum 380 ke nan aka ce suna da matsala, 140 ne kaɗai masu ita. Da irin wannan ana iya tace jama'a a ce wane da wane su je a duba su. Ba a iya yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi, balle a fiɗe masa dasashi ko a cire masa haƙori.

Kuma mafi yawan binciken an yi shi ne ta hanyar kwatanta mutanen da ciwonsu ya fito fili da waɗanda bakinsu tsaf yake. Rarrabe waɗannan ba ya buƙatar na'ura, ɗalibin likita ma zai yi da ido. Inda ake buƙatar taimako shi ne tsakiya: mai kumburin sama da mai ciwon da ya fara cin ƙashi, ko kuma mutum biyu masu rami iri ɗaya, wanne zai lalace nan da shekara. A nan ne shaidar ta fi ƙaranci, domin binciken da ke bin mutane tsawon lokaci yana da tsada da wahala.

Ga kuma abubuwan da ke rikita sakamako. Yawan yawu yana sauyawa daga safe zuwa dare. Mai shan magungunan da ke busar da baki, kamar wasu na hawan jini da na damuwa, yawunsa ya fi kauri, alamar sai ta fito da yawa ba don ciwon ya ƙaru ba. Ciwon suga da bai daidaita ba shi ma yana busar da baki. Taba tana danne jinin dasashi, tana kuma sauya wasu alamomin. Gyambon baki, haƙorin hankali (turmi na ƙarshe) da ya kumbura, ƙarfen gyaran jeren haƙora, duk suna iya ɗaga sinadaran kumburi. Maganin doxycycline yana danne MMP-8 kai tsaye, har ma akwai ƙaramin awonsa, miligiram 20 sau biyu a rana, da aka amince da shi a Amurka tun 1998 don wannan aikin, saboda haka mai shan sa sakamakonsa zai sauka. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yawan haƙora: wanda ciwon ya riga ya zubar masa da rabin haƙoransa yana iya samun sakamako mai kyau, don kawai ramukan da ke zuba a yawun sun ragu.

Babban gibin dai shi ne wuri. Mutum yana iya samun rami guda mai milimita 8 a bayan turmi na ƙarshe, sauran bakin lafiya, ruwan wannan rami ɗaya ya ɓace cikin yawu, gwaji ya ce babu komai. Ko da ya ce akwai, ni da zan yi aiki dole in san wane haƙori, wane gefe, zurfi nawa, ko ciwon ya shiga tsakanin saiwoyin turmi. Magani a wuri ake yin sa, kuma har yau ƙarfe da hoto ne kaɗai ke nuna wurin.

Shi ya sa lokacin da ƙungiyar ƙwararrun dasashi ta Amurka da takwararta ta Turai suka zauna a Chicago a 2017 suka sake tsara yadda ake rarraba ciwon, suka kafa shi a kan awo da hoto. Mataki na 1 zuwa na 4 yana nuna girman ɓarnar, daraja A, B ko C tana nuna saurin tafiyarta. Sun bar gurbi a jadawalin don alamomin yawu da na jini, da nufin a cike shi idan shaida ta ƙosa. Abubuwa biyu da suka shigar kai tsaye a matsayin masu sauya daraja su ne taba da suga: sigari 10 ko fiye a rana, ko HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, da ya kai 7, yana kai mutum daraja C. Wannan ya shafe ka fiye da kowane tsinken yawu.

Ba ina kushe gwajin ba ne. Ina ganin amfaninsa a wurare uku. Inda babu likitan haƙori, kamar asibitin masu suga, ma'aikaciyar jinya tana iya yin gwajin kurkura cikin minti kaɗan ta tura wanda ya kamata, kuma wannan ya fi a bar mutane sai haƙori ya fara girgiɗi. Haka nan a kewayen dashen haƙori, inda ake ɗaukar ruwan daga wurin kansa da ɗan tsinken takarda, ba daga yawu ba, don haka matsalar wuri ta kau. Sai kuma bibiya, wadda ita ce rabin tambayarka ta biyu. An sha nuna cewa aMMP-8 yana sauka bayan an kankare saiwoyi da kyau. Idan an auna ka kafin magani, aka sake bayan makonni, lambarka ake kwatantawa da lambarka, ba da ta wani ba, kuma yawancin abubuwan da ke rikitarwa suna nan yadda suke a duka awon biyu. Lambar da ta sauka sannan ta fara hawa bayan watanni tana iya sa a kira ka da wuri maimakon a jira ranar da aka sa. Wannan amfani ne na gaske, ƙari ne a kan awo.

A naka lamarin, ba ka buƙatar gwajin da zai gaya maka kana da ciwon, an riga an gano shi. Abin da ke gabanka shi ne sake awo bayan wankin, yawanci tsakanin mako shida zuwa wata uku, lokacin da nama ya gama warkewa. Abin da ake nema a ranar, bisa ƙa'idar da ƙungiyar Turai ta fitar a 2020, shi ne kada a samu ramin da ya wuce milimita 4 yana jini, kada kuma a samu mai milimita 6 ko fiye. Inda ya rage a haka, a sake kankarewa ko a yi maganar tiyata. Bayan nan sai zuwan bibiya, wanda ga mai suga galibi duk wata uku ne. Ka nemi a ba ka kwafin takardar awon, ka riƙa ajiyewa, ka kuma riƙa zuwa da sakamakon HbA1c na baya-bayan nan. Alaƙar ta ɓangare biyu ce: suga mai hawa yana ruruta ciwon dasashi, kumburin dasashi kuma yana wahalar da daidaita suga. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ta fitar a 2022 ya samu cewa maganin dasashi yana sauke HbA1c da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon.

Idan asibitinku suna da gwajin kurkura kuma kana da hali, ka yi, amma ka nemi wanda ke ba da lamba, ka riƙa yin sa a lokaci ɗaya na yini, ba tare da ka ci abinci ko ka goge baki ko ka yi amfani da ruwan wanke baki ba na aƙalla awa ɗaya kafin nan, kuma ka faɗi duk maganin da kake sha. Idan ya fito layi ɗaya alhali kana ganin jini a buroshi, jinin za ka gaskata.

Maganar zafi kuwa, kumburarren dasashi ne ke jin ƙarfen sosai, kuma ƙarfen yana nutsewa a cikinsa fiye da yadda yake yi a lafiyayye. Yawancin mutane suna samun awo na biyu ya fi na farko sauƙi idan sun dage da goge gindin haƙora sau biyu a rana da tsaftace tsakaninsu da zare ko ƙaramin buroshin tsakani. In duk da haka kana jin jiki, ka faɗa wa likitan tun kafin ya fara. Akwai maganin kashe zafi na shafawa da ake zurawa cikin ramin, yana kama wurin cikin ƙanƙanin lokaci, kuma ba ya sauya lambar da za a karanta.